Huɗu Kafin Ke

Daga Gwandu, farkon damina.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗiyar Goggo Dije,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Wurogauri lafiya, ke da maigidanki, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Na naɗe ta cikin gidan sauron da na sa miki a ƙasan adudu, don na san shi za ki fara warwarewa. Ki karanta ke kaɗai. Goggonki ta sha wahalar koya miki ajami a Kambaza, yau ranar amfaninsa ta zo.

Na san za ki yi mamaki. Shekara goma sha tara ban taɓa zama na yi hira da ke ba, ban taɓa kiran sunanki ba. Ana yaye ki aka miƙa ki ga yayar mahaifinki, in kin zo Gwandu in ce a ba baƙuwa ruwa. Haka aka yi mana, haka muka tashi muka yi, uwa ba ta nuna ta san 'yar farinta. Ban san abin da kika ɗauka a ranki ba duk shekarun nan. Abin da zan faɗa yanzu bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauko tawada da alƙalamin mahaifinki.

Kina da ciki. To ga shi na rubuta, kuma ƙasa ba ta tsage ta haɗiye ni ba. Ranar da kika zo sallama na gani. Ana buɗe tukunyar miya kika kau da kai, kika ce wai hayaƙi ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa. Kin tofar da yawu sau uku a bayan rumbu kina tsammani ba mai kallonki. A lissafina wata biyu ne, ko ya ɗan ɗara. Sai kuma na ga kin yi wuf kin ɗauki tulu kin nufi rijiya, ba don babu ruwa a randa ba, sai don kada wani ya ce amarya ta yi nauyi. Wannan shi ya hana ni sukuni. Ba nauyin tulun nake tsoro ba, dalilin ɗaukarsa nake tsoro, don ni na san inda yake kai mace.

Ana ce miki 'yar fari. Ke ce farkon wadda ta yi kuka, amma ke ce ta biyar. Huɗu sun riga ki shiga cikina, babu wanda ya shaƙi iskar duniya. Mahaifinki ya san uku, Goggo Dije ta san biyu, na farkon kuwa daga ni sai Allah, sai ke yanzu. Zan gaya miki yadda kowanne ya tafi, da inda hannuna yake a ciki.

Na farko shekarar da aka kawo ni gidan mahaifinki ne, lokacin muna zaune a ruga yamma da gari, gab da fadama. Ciki ya kai wata uku, damina ta yi tsakiya, sai masassara ta kama ni. Da hantsi jikina ya ɗauki rawa har haƙora su riƙa haɗuwa, da la'asar in yi zafi kamar an ɗora ni a murhu. In na kwanta za a tambaye ni, in aka tambaye ni tsofaffi za su dube ni da kyau, in suka dube ni za su gane. Abin da na fi tsoro a duniya ke nan a lokacin, wai uwar mijina ta gane. Don haka na tashi na yi tatsa, na kai nono kasuwa, na dawo na yi daka, ina dafa bango in jiri ya ɗebe ni. Kwana huɗu ina haka. Ran na biyar ina wanke ƙorai a bakin rijiya sai na ji wani abu ya murɗa a marata, na duba na ga jini ya gangaro har idon sawu. Na zagaya bayan bukka na gama abin da zan gama ni kaɗai, na tona rami da sakaina na rufe. Da yamma na tuƙa tuwo, har aka yaba miyar.

Ki ji ni da kyau. Masassarar mai ciki ba irin ta kowa ba ce. Zafin da ke ba ki wahala kawai, yana iya kashe abin da ke cikinki. Wurogauri bakin fadama ce, sauronsu ya fi namu yawa. Duba-garin da ke zagaya unguwarmu yana cewa sauro ne ke kawo masassara. Mata suna yi masa dariya, ni ban yi ba, don na lura duk shekara tare suke zuwa tare suke tafiya. Ki ɗaura gidan sauron nan, ko da matan gidan za su ce amarya ta zama matar Bature. Ranar farko da kika ji sanyi a ƙashi, ranar za ki faɗa. A kai ki wurin likita a Birnin Kebbi, daga Kalgo da ke kusa da ku ba nisa, kuma kafin mai ba da magani ya miƙo miki komai ki buɗe baki ki gaya masa kina da ciki. A zamanina babu inda za a kai ni ko da na faɗa, ke kuwa akwai.

Na biyu shi ne wanda har yau ba na iya tunawa da shi ina cin abinci.

Bayan shekara na sake samu. Wannan karon laulayi ya tsananta, na rame, na ɗashe, ko ruwa na sha sai ya dawo. Kakarki Inna Wuro, uwar mahaifinki, ba ki same ta da rai ba. Mace ce mai faɗa, amma ba muguwa ba ce, kuma ta san itatuwa, har daga Kambaza mata ke zuwa neman magani wurinta. Ta yi kwanaki tana kallona, ran nan ta kira ni gindin tsamiya inda take kaɗi. A gefe ƙannen mahaifinki biyu, 'yan mata, suna sussuka.

Ta ce, "Ke wagga ɗiya, mi ka damunki? Kin bushe kamar karan dawa."

Na ce, "Babu komi, Inna."

Ta ce, "Ni na ga kamar shawara ta kama ki. Ina da maganinta, amma ba a ba mai juna biyu shi. Hwaɗa min gaskiya, ko kina da wani abu?"

'Yan matan suka tsaya da taɓare a hannu suna kallona, ɗaya har ta fara murmushi. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Inna."

Ta ajiye mazari ta sake cewa, "Duba ni. Kin tabbata?"

Na ce, "Na tabbata."

Ki lura, ta tambaye ni, har sau biyu. Ba ta zalunce ni ba. Ta dafa sassaƙen maɗaci da wasu saiwoyi, ta jefa jar kanwa mai yawa, ta cika ƙoƙo ta miƙo min. Na karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya min. Na san abin da ke cikina, na kuma ji abin da ta ce da kunnena. Daga hannuna zuwa bakina akwai lokacin da zan iya magana. Na shanye, na kife ƙoƙon, na ce na gode.

Wuni biyu ina amai da gudawa. Rana ta uku naƙuda ta zo, wadda ba lokacinta ba. Wannan bai ɓoyu ba, jinin ya yi yawa har aka kira unguwarzoma. Inna Wuro ta shigo, ta leƙa kasko ta ga abin da ke ciki, ta dube ni. Ta ce, "Na tambaye ki. Wallahi na tambaye ki." Ta juya ta fita. Daga ranar ba ta sake dafa wa kowa magani ba har ta koma ga Allah. Mata su zo da ciwonsu, ta ce ta manta. Na rasa ɗana, na kuma ɗora wa tsohuwa nauyin da ba nata ba, duk don kada 'yan mata biyu su yi min dariya a bakin turmi. 'Yan matan nan yanzu kakanni ne, ko tunawa da ranar ba su yi.

Uwar mijinki za ta ga kin rame. Za ta dafa miki wani abu, da zuciya ɗaya, don haka iyaye ke yi. Masu tallar magani a kasuwar Kalgo za su nuna miki na shawara da na tsutsa da na wankin ciki, ga kuma ƙwayoyin da ake sayarwa a tebur yanzu, ja da fari, mai sayarwar ma bai san sunansu ba. Kada ki haɗiyi ko ɗaya sai wanda ya ba ki ya san halin da kike ciki. Duk abin da aka ce yana wanke ciki, ki sani ba ya zaɓen abin da zai wanke. Kunun kanwa ma ki rage. In aka tambaye ki ko kina da wani abu, amsar ita ce e. In bakinki ya yi nauyi, ki gyaɗa kai, wannan ma ya isa.

Na uku ya daɗe, har na fara sa rai. Shekarar nan bakkale ta shiga garkenmu, cutar da ke sa shanu ɓari. Saniya ta kai wata shida ko bakwai sai ka tarar da maraƙi a ƙasa ba rai, ba gashi. Maza suna can kiwo, mu ke gida, don haka ni ke ja in mabiyiya ta maƙale wa saniya, da hannuna tsirara, in ɗauki mataccen maraƙin in kai bayan shinge, in goge hannu da ƙasa in koma tatsa. Madara kuwa ina sha da ɗuminta daga hantsa, har ana ce min in ƙara don mai ciki ce ni. Wannan karon kowa ya sani, ciki ya fito, ba sauran ɓoyo. Sai wata masassara ta same ni wadda ba irin ta damina ba, ta zo ta tafi ta dawo, gumi ya jiƙa ni, gwiwoyina da bayana su yi ta ciwo. Cikin wata na biyar ya fito. Namiji ne. Yana da yatsu, na ƙirga su, yana da farce. Mahaifinki ya naɗe shi a ƙyallen rawaninsa ya kai shi can bayan garke. Da ya dawo ya zauna a ƙofar bukka har rana ta faɗi. Kafin kaka mata biyu a rugar suka yi irin nawa.

Lokacin cewa muka yi iska ce ta ratsa rugar, ta taɓa dabba ta taɓa mutum, har muka tashi muka sake wuri. Sai bara, da malamin dabbobi ya zo yi wa shanu allura, na ji daga bayan zana yana gaya wa mahaifinki cewa bakkale tana kama mutum, ta madara ɗanya da kuma taɓa abin da saniya ta zubar. Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Shekara ashirin da wani abu ina zargin iska.

Surukanki suna da shanu da awaki. Ki tafasa madara kafin ki sha, kowace rana, har ki haihu. Za su ce wace irin jikar Fulani ce ke dafa madara, ki bar su su ce. In saniya ko akuya ta yi ɓari, kada ki je kusa, kada ki taɓa, ko da ba kowa a gida sai ke. A bar mabiyiyar har maza su dawo.

Na huɗu ba ni da abin da zan ce na yi masa, sai dai gaggawa. Ko wata uku ban yi da na ukun ba na sake ɗauka, jikina bai dawo ba, jinina bai cika ba. Ba wanda ya matsa min, ni na matsa wa kaina, don ina ganin yadda ake kallona a wurin suna. Amma da ya shiga na kiyaye shi iyakar kiyayewa. Ban yi daka ba, ban je rijiya ba, na sha rubutu, na ɗaura laya, na kwanta kamar mara lafiya. Wata biyu, ran nan da safe ya zube, ba masassara, ba faɗuwa, ba komai.

A nan ne na yi abin da ya fi ƙazanta. Akwai wata tsohuwa kusa da mu, Tabawa, mijinta ya mutu ba ta da ɗa, tana sayar da fura. Ana gobe abin zai faru ta shigo ɗiban wuta, ta ce min sannu da jiki. Da na tashi daga jinya sai na faɗa a bakin rijiya, a gaban mata, cewa tunda Tabawa ta dube ni cikina ya juya. Kalma ɗaya ce, ban ma ɗaga murya ba. Kafin mako aka daina sayen furarta, uwaye suka riƙa janye 'ya'yansu in ta wuce. Ta tattara ƙoranta ta koma wurin wani ɗan'uwanta can gabas, a can ta mutu. Ban taɓa neman gafararta ba, kuma yanzu babu hali.

Unguwarzomar da ta karɓi haihuwarki ita ta gaya min gaskiya daga baya. Ta ce, "Ke dai kin cika neman mai laihi. Kaza na kwanci bisa ƙwai goma, bakwai su ƙyanƙyashe, ukku su lalace, wa za ki kama? Wani cikin tun randa ya shiga bai shiga da ƙwari ba. Ko kin kwanta ko kin tashi, tahiya zai yi." Ta ce a cikin waɗanda ta gani irin wannan ne ma ya fi yawa, musamman a watannin farko, da kuma ga macen da shekaru suka ja. Na gaskata ta, don bayan ƙannenki biyu, da na haura arba'in, na sake yin wani ɓarin haka nan siddan, wannan ban ma sa shi cikin lissafi ba.

Saboda haka in Allah ya ƙaddara wannan bai tsaya ba duk da kin kiyaye, kada ki ci kanki, kada kuma ki nemi wata tsohuwa ki rataya mata. Ki yi kuka, ki ci abinci, ki bar jikinki ya huta watanni kafin ki sake. Kuma kada ki ɗauka aikin gida na yau da kullum ne ke zubar da ciki, na ga matan da suka yi shuka ana jibi za su haihu. Ki yi aikinki daidai ƙarfinki, in kin gaji ki zauna, ki ci ganye da wake da kifi tunda can akwai shi. Abin da za ki guje wa shi ne faɗuwa da duka da wahalar da ta wuce kima. Mahaifinki bai taɓa ɗaga min hannu ba, ina fatan naki ma haka. In kuma kika ga wani ciwo ko ƙurji ko ruwa mara kyau a gabanki, shi ma na likita ne, ku biyu za a duba, don akwai ciwon da namiji ke kawowa ya riƙa kashe ciki ɗaya bayan ɗaya ana zagin matar.

Yanzu saura Hajo. Kin san sunanta, kin san ƙanwata ce, an ce miki masassara ta kashe ta a Kalgo kina 'yar shekara uku. Ba haka ba ne.

Hajo uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya ta. An kai ta Kalgo gidan wani masunci, mutumin kirki. Shekarar farko na je can biki na sauka wurinta. Tana da cikin fari kamar wata huɗu, kowa a gidan ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba, kamar yadda aka saba. Na shiga ɗakinta in ajiye kayana, sai na ga ta ɗaura igiya a bayan jeren ƙorai, ta shanya tsummoki a kai. A cikin ɗaki, ba a tsakar gida inda rana take ba. Sun fi goma, an wanke su amma jan bai fita ba, kuma ɗakin yana wani wari da na sani. Na dubi leɓenta, fari fat. Da ta miƙo min ruwa hannunta ya taɓa nawa, zafi zau.

Na ce, "Hajo, lahiya dai?"

Ta ce, "Lahiya lau, Yaya."

Ni da na binne huɗu, ni da na san wannan warin a jikina, na karɓi lahiya lau ɗin nan na sha ruwana. Na ce a raina yarinya ce, cikin fari ne, in na tone ta za ta ji kunya, kuma ni baƙuwa ce a gidan surukanta. Kwana biyu na yi. Da zan tafi ta rako ni har kukar da ke bakin gari, sau biyu tana tsayawa wai ƙaya ta soke ta. A gindin kukar ta kama bakin zanena ta riƙe.

Ta ce, "Yaya."

Na ce, "Mi?"

Ta tsaya tana kallon ƙasa. Ni ma na tsaya ina jira, alhali na san tambayar da ya kamata in yi. Can ta saki zanen ta ce, "A gaida Inna."

Na ce za ta ji. Na juya na tafi, ban waiwaya ba.

Kwana huɗu tsakani ɗan aike ya iso Gwandu. Matar da ta yi mata wanka ta ce cikin ya daɗe da mutuwa, rabi ya fita rabi ya tsaya ya ruɓe a ciki, kuma sai da ta faɗi a bakin murhu sannan mutanen gidan suka sani. Mijinta ya yi ta cewa da an gaya masa da ya ɗauke ta a kwalekwale ko a ka. Ban gaya wa kowa na ga igiyar nan ba, har Innarmu ta mutu ba ta sani ba. Ɓarin da na yi huɗu ina iya cewa wauta ce da ƙuruciya da ƙaddara. Na Hajo kuwa da idona na gani, da hankalina cikakke, na zaɓi in yi shiru.

To ki ji. Jini ga mai ciki, ko ɗigo ɗaya ne, ba abin wankewa a ɓoye ba ne. Wani yakan tsaya ciki ya ci gaba lafiya, wani ba ya tsayawa, kuma ba ke za ki raba tsakaninsu ba. Murɗar mara da ba ta saki, ruwa ya fashe ba lokacinsa ba, duk ki faɗa a take. In ɓarin ya riga ya faru, ba a nan hatsarin ya ƙare ba, a nan ya fara. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko zafin jiki, ko wari, yana nufin akwai saura a ciki, kuma wannan saura shi ke kashe uwa. In cikin da ya fara girma ya daina, ko motsi ya ɗauke, tsofaffi za su ce miki ya kwanta ne, wata rana zai tashi. Kada ki zauna jiran tashinsa, ki je a duba ki. In kun bi ta Kalgo ranar kasuwa za ki ga kukar, maƙabartar tana bayanta kaɗan. Ki yi wa Hajo addu'a, shekararta goma sha takwas.

Ranar da na gan ki da tulun nan, fuskar Hajo na gani. Na san ke ma lahiya lau za ki ce. Jinina ce ke, kuma Goggo Dije ta yi miki tarbiyyar kunya har ta yi yawa. Na san takarda kaɗai ba za ta buɗe bakinki ba. Saboda haka na yi wani abu, gara ki ji daga gare ni.

Jiya da hantsi maigidanki ya zo yi wa mahaifinki sallama. Suna zaure sai na yafa mayafi na shiga, ni da ban taɓa yarda mun haɗa ido da shi ba. Ya zube ƙasa yana gaisuwa. Ban amsa ba, na ce masa, "Matarka na da juna biyu, wata biyu. In ta yi masassara ko ta ga jini, ran nan za ka kai ta Birni, ba wanshekare ba. Kada ka jira ta hwaɗa, ba ta hwaɗi. Kai za ka tambaya, kullum. Kuma ka gaya ma innarka tun ran da kunka sauka, kada a ba ta komi ta sha." Bawan Allah gumi ya karyo masa, kansa a ƙasa, ya ce, "To, Inna. Na ɗauka, Inna." Carbi ya faɗi daga hannun mahaifinki, har yanzu bai dube ni ba. Goggonki da ta ji ta ce na zubar da mutuncin gidan nan, wai ba a taɓa yi ba tun kakanni. Na ce mata na sani, na kuma san inda aka binne waɗanda ba a taɓa yi dominsu ba.

Na tona miki asiri, na sani. Za ki ji kamar ki nutse in ya dube ki, za ki ji haushina, wataƙila ki daɗe ba ki huce ba. Ki yi fushin, zan iya ɗauka. Hajo ba ta taɓa yin fushi da ni ba, ga inda take.

In Allah ya kai mu wata na bakwai, ni da kaina zan zo in ɗauke ki goyon ciki. Ba Kambaza za ki ba, ɗakina za ki zo, in ga abin da kike ci, in taɓa goshinki da hannuna safe da yamma. Masu magana su yi ta yi.

Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa. Allah ya tsayar da abin da ke cikinki, ya cika masa kwanakinsa, ya raba ku lafiya. Allah ya ba ki surukai masu tausayi, ya sassauta miki damina, ya jiƙan Hajo da Inna Wuro da Tabawa, ya gafarta mini.

Saura abu ɗaya. Ranar sunanki ina cikin ɗaki na ji liman ya faɗa, mata suka yi guɗa, ni kuwa na kau da kai kamar ba da ni ake ba. Tun daga ranar ban furta shi ba sai a sujada, inda ba mai ji. Ki yi haƙuri da rubutun.

Safiya. Safiya 'yata. Ki rayu.

Ni ce mahaifiyarki.